Kunnen Baba Girgiza

A tasha ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Girgiza ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Allurar gejin mai ta tasinsa ta kwanta tun yaransa na rarrafe, ko an cika tanki har baki ba ta ɗagowa. Duk bakaniken da ya ce a kawo ya duba, sai Baba ya ce, "Allura maƙaryaciya ce. Ni kunnena ne geji."

Kullum da safe sai ya buɗe murfin tanki, ya dafa bayan motar ya girgiza ta kamar mai tashin yaro ya tafi makaranta, ya kara kunne. Daga ƙarar man yake sanin ko akwai, ko sai an biya gidan mai. Abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne: ba a taɓa ganinsa a bakin titi da jarka a hannu ba. Direban da mai ya ƙare wa kuwa, ranar ya shiga uku da bakin Baba.

To, tsufa ba ya sallama. Kunne ya fara nauyi. Matarsa ce ta fara lura. Sai ta tsiro da shara a gefen motar daidai lokacin girgiza. In ta ji man ya yi ƙasa, sai ta ɗaga murya: "Malam, kamar motar nan na jin yunwa!"

"Ai na ji," in ji shi. "Ke za ki koya mini?"

Da 'yarsu ta haihu, uwar ta tafi ta kwana biyu a can. Baba ya girgiza mota, ya kara kunne, shiru. Ya sake, shiru. Kunya ta hana shi kiran maƙwabci, sai ya yi cinta ya ja mota. Da rana tsaka ta mutu masa da fasinjoji, a ƙofar tasha. Ya ɗauki jarka ya ratsa ta gaban direbobin nan da ya sha caccaka, ba wanda ya yi dariya. Shirun nan ya fi masa ciwo.

Washegari ya kai ta gareji. Bakanike ya zaro ɗan abin da ke yawo a kan mai a cikin tanki, duk ya ruɓe, ya sa sabo. Allura ta miƙe.

Da matar ta dawo ta ji labari, da safe sai ta ja tsintsiyarta can bakin ƙofa, nesa da motar. Baba ya buɗe murfi, ya girgiza mota, ya waiwayo.

"Uwar yara, me kika ji?"

"Ba an gyara allurar ba?"

"Allura maƙaryaciya ce," in ji shi. "Matso ki saurara mana."