Hannun Mero a Bango

A ƙauyensu kusa da Managil, babu wanda ya kai Mero iya yaɓe. Da an gama cirar auduga, sai ta kwaɓa laka ta shafe bangon ɗakinta, ta bi shi da tafi da yatsu, har da gwiwar hannu. Ba tsuntsu take zanawa ba, ba fure ba. In an tambaye ta, sai ta ce, "Hannuna ne."

Ɗanta Uwaisu ya zama akawu a birnin Madani. Da abokan aikinsa za su kawo ziyara, ya ji kunyar wannan kwalliyar ƙauye, ya sa aka rufe bangon da sabon yaɓe sumul. Mero ta duba ta ce, "Ya yi kyau, ɗan nan." Ba ta ƙara taɓa laka ba har ta rasu.

Wata damina yaɓen ya ɓamɓare, sai ga shatin hannunta ya fito, har da guntun yatsanta da lauje ya taɓa datsewa. Da Uwaisu ya zo gida, ya ɗora tafinsa a kai, ya kasa ɗaga ido.

Wani maƙwabcinsu ya ce, "A kira mai yaɓe?"

Ya ce, "Mai yaɓen ta rasu."