Baffa Ado, Malamin Gonar da Ya Rataya Ganga

Duk wanda ya san Baffa Ado, ƙanin mahaifina, ya san ba ya yarda da abu sai ya ƙwanƙwasa shi. Kankana ce, tukunya ce, tankin babur ne, sai ya lanƙwasa ɗan yatsan nan ya buga, ya karkata kai, ya ce, "Tsaya in ji muryarsa." Na taɓa raka shi kasuwar Mai'adua sayen san noma. Ya bi haƙarƙarin san nan yana ƙwanƙwasawa, har dillali ya gaji ya ce, "Malam, sa ka zo saye ko ganga?"

Baffa ya ce, "Ai da ganga ce da tuni mun gama ciniki."

Muka yi dariya, ashe maganar tana cikinsa. Malamin gona ne fa a Dutsi, ga albashi, ga babur ɗin ofis, furfura har ta fara leƙowa. Amma duk gonar da ake gayya, in ya je duba shuka, can za ka same shi gindin makaɗa, baki buɗe. Rannan kawai ya ce yana tunanin ajiye aiki ya koyi gangar noma. Tirƙashi!

Shawara kuwa babu wanda bai nema wurinsa ba. Liman, mai shayi, mai faci, har ni da ban san komai ba. Kowa ya ce kada ya yi, shi kuma ya gode masa ya wuce wurin na gaba. Matarsa Inna Rabi ta ce, "Malam, in ka bar aikin me za mu ci?"

Ya ce, "Makaɗi dami ake ba shi."

"In ruwa ya ƙi fa?"

"In ruwa ya ƙi, Rabi, shi malamin gonar me zai je dubawa?"

Mutum ɗaya ne Baffa bai iya yi wa irin wannan amsa ba, shi ne Babanmu. Shi ya riƙe shi tun rasuwar kakanmu, shi ya sa shi makaranta. Baba ya ce, "Ado, a gidanmu ba a taɓa yin maroƙi ba. Ranar da ka rataya ganga, kada ƙafarka ta sake taka zauren nan." Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Yaya." Na ga idonsa ya kaɗa, kuma daga nan ya daɗe bai ƙara ta da zancen ba.

Yatsunsa ne dai suka ƙi haƙura. Ana tsakiyar taro a ofis yana kaɗa tebur, har mai gidansu ya fusata ya ce, "Malam Ado, ka zaɓa, ko tebur ko ganga!" Baffa ya ƙwanƙwasa teburin, ya saurara, ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara da shekaru ina bugun teburin nan, bai taɓa amsa mini ba." Ya ajiye makullin babur, ya hau motar haya ya dawo Daura.

Wurin wani tsohon makaɗi ya je koyo, kuma bai ji kunyar ɗaukar masa ganga ba. Kwat ɗin ofis ce dai ya ƙi cirewa. Ka ga mutum cikin rana tsaka, ganga a kafaɗa, biro a aljihu. Gayyarsa ta farko kuwa har gobe ana labarinta. Samari sun ɗauki zafi, garma sai tashi take, kwatsam kiɗa ya tsaya. Kowa ya waiwayo. Sai ga Baffa a tsugune yana cewa, "Haba jama'a, wa ya yi wannan shukar? Geron nan ya cushe, sai an rage shi!" Da ya koma kiɗa, maimakon ya wasa mai gona, sai ya shiga waƙe masa ƙudujin da ya cinye gefen gabas. Mutumin ya rantse ko zangarniya ɗaya ba zai ba shi ba. Amma a ɓoye ya bi shawarar, da kaka ta zagayo ga damin gero har ƙofar gida. Baffa ya ce, "Kin gani, Rabi? A ofis wa ya taɓa saurarena?"

Ya ƙware fa, wallahi ya ƙware. Daga Dutsi har Kongolam, in ba Ado ne zai kaɗa ba samari ba sa son fita. Baba dai yana kan bakansa. In sun haɗu a masallaci, sallama kawai. Baffa kan zo ya tsaya daga waje ya aiko mana da gaisuwa, abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wata damina ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, ciyawa ta rufe gonarmu. Baffa bai nemi izinin kowa ba, ya tara gayya. Baba ya ji labari ya ce a ɗora shi a babur, shi da kansa zai je ya kore su. Muna isa Baffa ya hango mu, sai ya sauya kiɗa. Ni ban gane ba, amma na ji hannun Baba ya damƙe mini kafaɗa. Ashe taken kakanmu ne, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai in ya shiga kunya da garma. Tun rasuwarsa ba wanda ya sake jin sa. Tsohon makaɗin nan ne kaɗai ya riƙe shi, kuma saboda taken ne Baffa ya zaɓi zama yaronsa.

Hawaye suka riƙa bin gemun Baba. Da kiɗan ya tsaya ya ɗaga murya ya ce, "Ado!"

Baffa ya durƙusa. "Na'am, Yaya."

"Ka cika sauri. Mahaifinmu ba ya gaggawa a kunya. Sake!"

Ranar a zaurenmu Baffa ya ci tuwo, gangar tana jingine a bakin ƙofa.

A bara Baffa ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Da aka watse daga zaman makoki, Baba ya sa aka ɗauko gangar aka rataye ta a cikin zauren nan da ya taɓa hana ta shiga. Jiya da safe na leƙa na same shi tsaye a gabanta, ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai yana saurare.

Allah ya jiƙan Baffa Ado, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Shi kuma Yayan da ya bari, Allah ya ba shi haƙuri. Amin.