Ƙanena da Fatar Wanzami

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata Talata a shekarun baya, ƙanena ya cinye gefen littafina na lissafi. Na riƙe lokacin ne saboda ni ko atishawa na yi sai na duba agogo. Shekarar da zan yi jarrabawar brebe ce, ina bita a gindin bedin gidanmu a Madarumfa. Na tashi shan ruwa, na dawo na tarar ya tura littafin can cikin kunci, yawu na bin shafukan. Na fizge. Bai yi kuka ba. Bayan hannunsa ya kai baki ya ciza, ya riƙe.

Shekararsa shida a lokacin. Ba ya magana, ba ya kallon mutum cikin ido, ba ya yarda a taɓa masa fuska. Wani likita a Maradi ya taɓa gaya wa mahaifiyata sunan abin, shi ne wanda ake ce wa galahanga a rediyo. Amma yaro ne mai tsari. Kwanonsa ɗaya, wurin zamansa ɗaya, kuma cizo ba halinsa ba ne.

Daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Ya tauna igiyar guga, ya tauna bakin tabarma, wuyan rigarsa kullum a jiƙe. Mu kuwa ƙwacewa muke yi, kuma ni na fi kowa himma. Kafin in tafi lakwal, wato makaranta, sai na zagaye tsakar gida na tsince duk abin da zai shiga baki, na ɗora bisa katanga. Duk abin da aka ƙwace, hannunsa ke biya. Cikin mako biyu bayan hannun ya zama gyambo. Ya daina cin tuwo, kunu mai zafi kuwa ture shi yake yi. Yini yake yana kai da kawowa daga zaure zuwa madafi, yana marin kuncinsa. Ni ma na kasa zama. In na buɗe littafi, sawunsa kawai nake ji.

Sai na yi abin da na iya. Na ɗauki sabon kaye, littafin rubutu, na ja layuka: rana, lokaci, abin da ya ci, wanda ya shigo gida. Na zargi injin niƙan maƙwabta. Na zargi hayaniyar ranar kasuwa. Shafi tara na cika, da jan bik da shuɗi, ban gano komai ba.

Sau ɗaya na ce wa mahaifiyata, "Inna, ko haƙori ne?"

Ta ce, "Wane haƙori? Yaron da bai yi famfara ba? Dubi bakinsa, ko guda bai girgiɗa ba. Ai sai wani ya faɗi wani ke fitowa."

Ni ma haka na sani. Na soke kalmar a kayena.

Mahaifinmu yana ci-rani a lokacin, yayansa ke da magana a gidan. Ya zo ya ga hannun, ya girgiza kai. Ya ce wannan ba na likita ba ne. Ranar Lahadi zai kai shi wajen wani mai magani a wani ƙauye bayan Safo, ya yi kwana bakwai can, a ɗaure hannuwan har su warke. Yaron da in aka sauya masa kwano sai ya yini bai ci ba, shi za a kai gidan da bai sani ba, a ɗaure. Na shirya maganar da zan yi, har na rubuta ta. Da na durƙusa gabansa, "To, Baba" kawai ta fito.

Ranar Asabar da hantsi aka kira wanzami, don an ce a kai ake shafa maganin, sai an yi aski. Tsoho ne, shi ke yi wa ƙanena aski tun ranar suna, kuma shi kaɗai ne baƙon da yaron ke bari ya matso. Yana da yadda yake yi. Ba ya gaishe shi, ba ya zuwa ta gabansa. Bayansa yake zama ya kwance zabira a hankali, ya miƙa masa fatar da yake wasa aska ya riƙe, sannan ya jira. Ran nan yana miƙa masa, ƙanena ya cusa ta a baki. Hannuna ya riga ya tafi.

Wanzamin ya ce, "A'a, Malama. Fatata ce, ba littafinki ba."

Na janye hannu. Ya bar askar a zabira, yana ta kallon yaron. Da ƙanena ya saki fatar, ya ɗauka ya juya ta a rana.

"Zo ki karanta mini wannan, tunda an ce kin iya karatu."

Na ce, "Baba, cizo ne."

"Cizon ina? Yaro mai fushi da na gaba yake cizo, ya bar shaida kamar ta akuya. Wannan can ƙurya yake kai ta yana murzawa. Kin ga jini?"

Na gani, ɗan kaɗan a gefen fatar.

Ya fiddo ƙaramin madubinsa ya ajiye a cinyar yaron. Ashe ya daɗe da sanin ƙanena in ya sami madubi baki yake buɗe masa yana huci. Wanzamin bai taɓa shi ba, ta bayan kafaɗarsa ya leƙa cikin madubin. Sannan ya kira mahaifiyata a hankali. Can bayan haƙorin ƙarshe, dasashin ya kumbura ya yi ja, hagu da dama, da wani ɗan fari yana leƙowa.

Ya ce, "Turame ne."

Inna ta ce, "Ba famfara?"

"Su waɗannan ba su jiran kowa ya faɗi. Sabon wuri suke hudawa."

Ya ce a samo asuwaki mai kauri a wanke, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa, a bar masa ya yi ta tauna. Kunu a bari ya huce. A kuma kai shi likita, kada a tsaya ga maganarsa. Shi da kansa ya fita zaure wajen yayan mahaifina. Na ji yana cewa, "Alhaji, ni dai ba zan yi askin nan ba yau. A ba shi kwana uku." An daɗe ana magana kafin yayan mahaifin nawa ya ce to, uku, ba ƙari.

Da muka kai shi likita, Majo mai duba marasa lafiya ya tabbatar da maganar, ya ba da siro na rage zafi. Ƙanena ya ƙi asuwakin, amma tsumman ya riƙe shi kamar wani zai ƙwace, kuma yana da dalili. A rana ta biyu ya sha fura, a ta uku ya zauna wurinsa. Ba a sake tada zancen Safo ba.

Yanzu ya girma, tabon hannun ne kawai ya rage. Ni kuwa har yau in na ga ya soma wani sabon abu, sai na ji hannuna yana son hanawa tun ban duba ba. Ina kama kaina, amma ba kullum ba.

Ran askin da ba a yi ba, na raka wanzamin ƙofar gida. Da ƙyar na tambaye shi abin da na kasa tambayar kowa. Na ce, "Baba, zai taɓa iya gaya mana inda ke yi masa ciwo?"

Ya rataya zabirarsa ya ce, "Ɗiyata, yau mako uku yana gaya maku. Kuna cire masa daga baki kuna ɗorawa bisa katanga."