Har Yanzu Ana Kiran Goggon Kusfa

Shekara bakwai ke nan cur da muka kai Yaya Balaraba makwancinta. Da hantsi ta cika, kafin la'asar har mun dawo daga maƙabarta mun baza tabarmi a ƙofar gidanmu da ke Kusfa. Ni ne autan gidanmu, ita ta goya ni, kuma har na yi ritaya daga koyarwa ba ta daina ce mini ɗan boko ba, musamman ranar da na tafka wauta. Bana ina rubutu a kanta da nauyi a zuciya, domin na tafka wadda ta fi duk na baya, kuma ba ta nan balle ta zage ni in samu sauƙi.

Ungozoma ce. A cikin birnin Zariya da ƙauyukan da ke kewaye, Goggon Kusfa ake ce mata. Ba ta yi boko ba, amma ma'aikatan lafiya sun taɓa tara ire-irenta suka koya musu alamomin haihuwar da ta fi ƙarfin gida, ita kuwa ta riƙe karatun nan gam. Da ta ga jini ya ɓalle, ko mai naƙuda ta fara jijjiga, ba ta tsayawa jin ra'ayin kowa. Sai ta kira Malam Sale, wani direba maƙwabcinmu, a ɗauki mace sai asibiti. Magidanta da yawa sun sha faɗa a bakinta, har da masu furfura. Ta taɓa ce wa wani limamin ƙauye ya yi addu'arsa a cikin mota, Allah na ji a kan hanya ma.

Duk wannan aiki a kan wata 'yar ƙaramar waya yake tafiya, mai tocila, wadda ta ɗaure bayanta da kyauro. Ba ta iya karanta sunan mai kira ba, da murya take gane mutane. Lokacin da gwamnati ta fara cewa kowa ya yi wa layinsa rajista, ni na raka ta. Na'urar ta ƙi karɓar yatsanta har sau uku saboda lalle da aiki sun cinye zanen, tana ta yi wa ma'aikacin tsiya wai injinsa bai san manya ba. A na huɗu ta karɓa, layi ya zama da sunanta.

Ranar sadakar uku muna zaune sai wayar ta yi ƙara a aljihuna. Wani mutum ne daga wani ƙauye a bayan Wusasa, matarsa ta kwana biyu a kan gwiwa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kira Rabi, wata matar unguwarmu da Yaya ta koya wa aikin, na kira Malam Sale, suka tafi. Daga ranar na zama mai tsaron wayar. Ba na barin cajinta ya ƙare, ko masallaci da ita nake zuwa, har uwargidana ta laƙaba mini sakataren marigayiya. Wanda ya kira nakan gaya masa Goggo ta rasu, amma ga wadda za ta zo. Shekaru muka yi a haka.

Sai aka fito da sabuwar doka, cewa duk layin da ba a haɗa shi da lambar katin ɗan ƙasa ta mai shi ba, za a rufe. Ba zan yi ƙarya ba, na ga dalilin dokar. Mu da muke wannan yanki mun san abin da masu garkuwa da mutane suke yi da layukan da ba a san masu su ba, kuma da Yaya na raye ita za ta fara shiga layi, tana mita tana matsawa gaba. Matsalar ita ce ta rasu ba ta yi katin ba.

Na je ofishin kamfanin waya. Wata matashiya mai ladabi ta duba kwamfuta ta ce, "Baba, mai layin ce za ta zo da kanta."

Na ce mata mai layin ta riga mu gidan gaskiya. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce in kawo takardar shaidar mutuwa da takardar rantsuwa daga kotu, sai a duba yiwuwar mayar da shi sunana.

Wa ke karɓar takardar mutuwa a cikin birnin Zariya? Mutum ya rasu a ɗakinsa da safe, a yi masa wanka, a sallace shi, kafin rana ta faɗi yana ƙasa. Shaidarmu ita ce jama'ar da suka tsaya a sahu. Waɗanda suka tsara dokar da alama sun ɗauka kowa a gadon asibiti yake mutuwa, likita na tsaye da biro. Wannan na ɗora musu shi, kuma har gobe ina ɗora musu.

Amma sauran laifin nawa ne. An gaya mini ana iya samun takardar ko bayan shekaru, in dai na karɓo wasiƙar mai unguwa na bi ofisoshin. Na ce gobe, gobe ta zama jibi. Saƙonnin gargaɗi suna ta shigowa da Turanci, ni da na koyar da Turancin ina karantawa ina murmushi, domin an sha sa wa'adi ana ɗagawa. Har a majalisarmu ta bakin masallaci nake bugun ƙirji ina cewa gwamnati ba za ta iya rufe layukan talakawa ba. Wata safiya na duba wayar na ga babu sabis. Na kashe na kunna, na cire layin na goge shi da bakin riga na mayar, shiru. Da na koma ofishin da takardun bayan 'yan watanni, aka ce lokaci ya wuce, layin ya koma hannun kamfani.

Na yi abin da zan iya. Na hau babur na zaga masallatan Juma'a na ƙauyukan da na sani, ina roƙon limamai su sanar da lambar Rabi. Sai dai lambar Yaya ta yi nisan da ban sani ba. Amare sun tafi da ita gidajen aure, 'yan ci-rani sun ba abokansu, ta shiga rugage da ungwannin da ban taɓa jin sunansu ba. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan, da aka san yatsan kowa da fuskarsa a kwamfuta, amma mace na naƙuda a ƙauye babu wanda ya san da ita. Ina jin ba gwamnati za ta fara yi wa faɗa ba. Ni za ta kalla ta ce wayar ma ban iya riƙe mata ba.

Makon jiya kewarta ta dame ni, na danna tsohuwar lambar haka kawai, ba don ina tsammanin komai ba. Sai ta shiga. Wata mata ce ta ɗauka, mai sayar da atamfa a Jos, sabon layi ta saya aka ba ta lambar. Da na yi mata bayani sai ta yi salati, ta ce ta gaji da ce wa mutane ba ita ce Goggo ba. Ta ce ko jiya da rana wani ya kira sau biyar yana roƙonta ta zo, ta rasa yadda za ta fahimtar da shi. Na ba ta lambar Rabi, ta yi alkawarin ba duk wanda ya sake kira, ni kuma na karɓi lambar mutumin na kira shi.

Manomi ne, sunansa Garba. Shekara tara da suka wuce Yaya ta karɓi haihuwar ɗansa na fari, tun daga lokacin bai sake neman ta ba sai wannan karon. Ya ce sun jira har yamma, daga baya suka ɗora matar a kan babur. Ta haihu a hanya. Uwar tana asibiti da sauƙi, jaririyar kuwa da safiyar ranar da na kira shi suka binne ta.

Da ya gama ba ni labarin, sai ya ƙara da cewa:

"Malam, ka gaida Goggo. Ka ce mata ba mu riƙe ta a zuci ba, mun san da ta ji da ta zo."

Yaya ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari shi ne wannan yardar, ta mutumin da ya binne 'yarsa da safe yana nema wa Goggo uzuri da rana. Na daure na gaya masa cewa Goggo ta rasu shekara bakwai ke nan, kuma ni ne na bari aka rufe layinta.

Sai na ji ya ja numfashi ya ce, "Allahu Akbar. Ashe maraici muke yi ba mu sani ba. Allah Ya jiƙanta, Malam, Ya ba ku haƙuri."

Na ce amin. Shi ya yi mini gaisuwa, ni ban ma samu bakin yi masa tasa ba.