Yatsan da ke Jikin Akushi

Wuƙa na hannuna, zan kankare baƙin danƙon da ke jikin tsohon akushin gidanmu na Gangara in sa gam na kanti, sai kakata ta damƙe mini hannu.

"Kai, maigida, makaho ne kai? Duba da kyau!"

Na duba. Ashe shatin babban yatsa ne a jikin danƙon.

Ta ce, "Na kakata ne. Ita ta liƙe tsagar nan tun Turawa ba su shigo Damagaram ba. Ko hotonta ba mu da shi. Ɗora yatsanka ku gaisa."

Na ɗora, na ajiye wuƙar. Shekara ɗari da ɗoriya, akushin bai taɓa yoyo ba.

Ku fa, wa kuka kusa kankarewa a gidanku?