Alluran da Na Ɓoye Bayan Aikin Idon Sawuna

A wancan lokacin ni malamar lissafi ce a wata makarantar firamare a Dubai, muna zaune da maigidana a unguwar Abu Hail. Mace ce ni mai ganin na fi ƙarfin ciwo. Na gurɗe a matakalar gidanmu, idon sawuna ya ƙi daidaituwa wata da watanni, har likita ya ce sai an yi aiki. Ƙananan huji biyu kawai aka yi, aka zura na'ura aka gyara, aka sallame ni a ranar. Wannan sauƙin ne ya yaudare ni.

An haɗo ni da alluran tsinka jini, in riƙa yi wa kaina a fatar ciki kullum, aka kuma ce kada in wuni a kwance. Sau uku na yi, na ce khalas, ya isa haka, aikin da ko kwana ban yi ba ai bai kai a yi ta tsire ni ba. Na tura sauran ƙarƙashin kayana a durowa. Duk sanda maigidana ya tambaya sai in ce na yi. Wannan ƙaryar har yau tana ci mini rai.

Ana cikin sati na biyu sharaɓata ta kumbura, ta ɗau zafi. Na ɗauko man zafi zan murza sai ga maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da ke aikin shara a asibiti, ta kawo mini abinci. Ta riƙe hannuna, ta ce ta ga irin wannan ƙafar a wurin aiki, ba a yi mata tausa, in tashi yanzu mu tafi. Na fara musu, sai na ji numfashina yana sarƙewa. A tasi na gaya wa maigidana gaskiya ta waya. Ya ce ga shi nan zuwa.

Hoto ya nuna jini ya daskare a jijiyar ƙafata, wani gutsure har ya kai huhu. Na yi wata shida ina shan magani, ban tsallake ko rana ɗaya ba. Na koma takawa da sanda, sannan babu sanda, har na sake tsayawa gaban ɗalibaina.

'Yan'uwa, ƙanƙantar huji ba ita ce ƙanƙantar aiki ba. In allura kuke tsoro, ku gaya wa likita, kada ku yanke wa kanku hukunci. In kuma ƙafa ta kumbura bayan aiki, ko numfashi ya canza, a nufi asibiti a take. Ni Allah ya turo mini mai riƙe hannuna, ba kowa ke samun haka ba.