Abin da Muka Ɓoye a Ƙarshen Kaset

Shekarun baya can, lokacin da kyamarar bidiyo sai an saɓa ta a kafaɗa, ni ce mai ɗaukar biki a cikin gidajen birnin Zariya. In na faɗa wa jikokina dariya suke yi, wai ni da ko hoton waya na ɗauka sai na yanke wa mutum rabin kai. To su yi ta yi. Kafaɗata ta dama ita ce shaida, har yau in hadari ya haɗo sai ta tuna min.

Mu uku ne a sana'ar. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ke ɗaukar waje, wato ɗaurin aure da ango da abokansa da dattawa a ƙofar gida. Abokinsa shi ke haɗa aikin a wani ɗan shago da muka kama kusa da Ƙofar Doka, bidiyo biyu, talabijin ɗaya, da wata fanka mai kukan tsiya. Shi ne kuma mai muryar talla. In babu biki mukan yi wa masu shaguna talla, teloli da masu man shafawa da masu sabulu. Akwai tallar sabulun da hannuwana ne kawai suka fito, na wuni ina wanke farar riga ɗaya wadda dama can ba ta da datti, shi kuma yana ta zuba kirari a kai. Mahaifiyata ta gane hannuwan a talabijin ɗin maƙwabta, ta aiko a tambaye ni ko wankau na koma.

Ni aikina cikin gida ne, domin namiji ba ya wuce zaure. Kuma muna da ƙa'ida ɗaya da ta sa gidajen mutunci suke kiran mu: kaset ɗin cikin gida ni kaɗai nake fara kallon sa, ƙofar shago a rufe. Inda mayafi ya zame in cire, inda wata ta cika baki da waina in cire, don na san gobe za ta tare ni a hanya. Sai na tace shi tas sannan maza su gani.

Akwai kuma wata dabara tawa da nake ji da ita. Kyamarar tana da 'yar jar fitila a gaba da ke kamawa in ana ɗauka. Tsofaffi sun gano ta, da sun hango ja sai kowa ta ja mayafi ta juya baya. Sai na samu baƙin tef irin na masu gyaran wuta na liƙe ta. Na yi ta yabon kaina a kan wannan wayo, ban san shi zai jefa ni cikin abin da zan ba ku labari ba.

Wani biki ne a wajen Ƙofar Jatau. Amaryar 'yar fari ce, ta gama makarantar horon malamai, za ta auri wani ma'aikaci da ke aiki can Fatakwal. A lokacin in aka ce Fatakwal, to sai dai wasiƙa. Ranar sa lalle ina cikin ɗaukar ƙawayenta ta yafito ni, hannu da ƙafa duk a ɗaure, ta sa na sunkuyo.

Ta ce, "Anti, alfarma ɗaya nake nema. Ki ɗauko min mahaifiyata. Ko bayanta ne, ko tana wucewa ne. Ba ni da hotonta ko ɗaya."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

Ta girgiza kai. "Ba ki san ta ba. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta taɓa kallo na ido cikin ido ba. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa haka yake ce min. Amma wani lokaci sai in ce anya kunya ce kawai?"

Ta faɗi haka tana murmushi, amma idonta ya kawo ruwa, ga shi babu hannun sharewa. Ni na share mata da gefen mayafina, na kuma cika baki na ce ta bar min komai.

Kwana biyu ina farautar Hajiya, uwar amarya. Doguwar mace ce mai kamewa, ba ta da hayaniya, amma in ta dube ka sai ka gyara tsayuwa. In na ɓullo ta wajen murhu ta shige rumfa, in na zagayo rumfa ta faɗa ɗaki ta saki labule. Tef ɗin da na liƙa bai ruɗe ta ba ko kaɗan. Da na matsa mata, sai ta tsaya ta bayan wata ƙanwarta ta ce, "Ke mai hoto, je ki ɗauki masu biki. Ni ba bikina ba ne, na gidan goggonta ne." Ko "'yata" ba ta ce ba. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan wace irin uwa ce, dutse aka sa mata a ƙirji?

Ana gobe za a kai amarya, wajen la'asar, batir ya fara yi min gargaɗi. Gidan kaf a ɗakin Hajiya kaɗai ake da wurin jona wuta mai aiki. Na yi sallama ba kowa, ƙanwarta ta ce in shiga. Na ɗora kyamarar a kan kabad tsakanin jeren kwanuka, na jona ta, na danna maɓalli don in tabbatar ta tsaya, na fita yin alwala. Maɓallin nan kuwa guda ɗaya ne, shi ke tayarwa shi ke tsayarwa. Ashe dama a tsaye take, ni da hannuna na tayar da ita. Fitilar da za ta tona min kuma na liƙe ta da kaina.

Aka kai amarya tasha washegari, ta tafi tana waiwaye. Ban iya haɗa ido da ita ba, don na san ban cika alkawari ba.

Kwana uku bayan haka na rufe ƙofar shago na zauna tace kaset. Ga kamu, ga lalle, ga 'yan mata suna rawa. Can sai hoto ya tsaya cak a kan wani gado da akwatin amarya a gefensa. Na yi tsaki, na ce ga shirmena, na kai hannu zan tura gaba. Sai labule ya motsa, Hajiya ta shigo.

Ta saki labulen, ta tsaya tana saurare ko akwai mai zuwa. Sannan ta durƙusa ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani zanen saƙi da ya koɗe, irin na goyo. Ta zauna a bakin gado ta shimfiɗa shi a cinya tana shafawa. Ta daɗe a haka. Sai na ji ta kira sunan amarya, sunanta na yanka, a hankali, kamar mai gwada ko bakinta zai iya. Ta sake kira. Ta kira na uku, muryar ta karye.

Ta ce, "Tun safe ba ki ci komai ba, ina kallon ki. Haka kike tun kina ƙarama, in abu ya dame ki sai ki bar abinci." Ta ninke zanen, ta kai shi hanci, ta buɗe akwatin ta tura shi can ƙasa ƙarƙashin atamfofi. Ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a doguwa, har da garin da za ta, har da ruwan da za ta sha a can. Da ta gama ta goge fuska da haɓar zane, ta gyara ɗaurin kallabi, ta fita da fuskar nan tata ta kullum.

Na zauna ni kaɗai a shago ina kuka, fanka tana taya ni. Kunya ta kama ni a kan abin da na ce da matar nan a zuciyata.

Da maigidana ya zo na ba shi labari, ban nuna masa ba. Ya ce, "Goge shi. Amana aka ba mu, ba a ce mu leƙa ɗakin mutane ba." Abokinsa ya ce, "Haba Malam, yarinyar nan abin da ta roƙa ke nan, Allah ya kawo mata har gida." Suka yi ta ja, kowa da gaskiyarsa. Na ce su dakata, abin nan ba nawa ba ne ba nasu ba, mai shi tana nan da ranta.

Da hantsi na saɓa kyamara a cikin jakarta na nufi gidan. Na samu Hajiya tana tsince shinkafa. Muka gaisa, na ce magana ce ta ɗaki. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba, har da tef ɗin da na liƙa.

Ta ajiye farantin shinkafar a gefe. Sannan ta ce, "Wa ya gani?"

"Ni kaɗai, Hajiya. Wallahi ni kaɗai."

"Kin kyauta da ba ki kai wa maza ba. Amma ba ki da hankali, 'yar nan."

Na ce haka ne.

"Nuna min."

Na mayar da kaset ɗin baya, na kara mata ɗan madubin kyamarar a ido. Hoton ciki ƙarami ne, baƙi da fari. Na ce mata a nan ba a jin murya. Ta ce, "Na san abin da na ce." Ta kalla har ƙarshe da ido ɗaya, hannunta a kan nawa don kada in motsa. Da ta ɗago sai ta ce, "Ashe haka na tsufa."

Na ce, "Hajiya, in kin ce a goge, yanzu a gabanki zan goge. Amma ita ta roƙe ni, ko bayanki ne ta ce in ɗauko mata. Ta ce ba ta sani ba ko kunya ce kawai."

Ban san inda na samu ƙarfin halin faɗar wannan ba. Fuskarta ta canza, ta kau da kai ta dubi bango. Can ta tambaye ni, in kaset ya ƙare me ke biyo baya? Na ce sai rubutun godiya, sai tallar shagonmu, daga nan allon ya koma yayyafin baƙi da fari yana shuu, kowa ya tashi a kashe.

Ta ce, "To ki bar yayyafin nan ya daɗe. Bayansa ki sa. Dangin miji za su kashe su tashi. Kada ki faɗa mata, kada ki rubuta a jiki. In ta gani rabonta ne."

Na ce, "In ba ta bari ya kai nan ba fa?"

Ta ɗauki farantin shinkafarta. "Wadda ke kewar gida ba ta saurin kashewa."

Haka na yi. Na kori mazan daga shago, na haɗa da hannuna, na bar yayyafi na kusan minti goma, sannan na sa. Abokin maigidana da ya saba ɗora kiɗa a kan komai na ce masa in ya taɓa ƙarshen kaset ɗin nan ni da shi ne. Aka ba wani direba ya kai mata Fatakwal.

Daga nan shiru. Wata ya bi wata, babu wasiƙa babu saƙo. Abin ya tsaya min a rai. In ina wanke-wanke sai in ce minti goma ya yi yawa, da biyar na bari. In na haɗu da Hajiya a wani biki mu gaisa, ba ta tambaya, ni ma ba na tayarwa.

Bayan shekara da 'yan watanni aka aiko mu ɗaukar suna a gidan nan. Amaryarmu ce ta dawo gida haihuwar fari. Na shiga ɗakin mai jego da kyamara a kafaɗa, na same ta ta yi kyau ta murje, jaririyar tana kwance a kan wani koɗaɗɗen zanen saƙi da na gane tun daga bakin ƙofa. Hajiya tana can gefe ta ba mu baya, tana zuba kunun kanwa a kwano, wai ita ba ta san da mu ba.

Mai jego ta kamo hannuna ta matse. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta fito da kaset ɗin, kwalinsa duk ya yage.

Ta ce, "Anti, ko za a sake yi min wani? Wannan ya lalace."

Na ce, "Tun daga farko?"

"A'a, farkon lafiyarsa ƙalau. Ƙarshen ne ya cinye, hoton har rawa yake yi."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ludayi a jikin kwano. Hajiya ba ta juyo ba, ba ta dube ta ba, ba ta dube ni ba. Ta rufe kwanon da faifai, ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, sannan ta yi magana kamar da labule take yi.

"A yi mata biyu."

Yanzu shagon nan ya zama wurin sayar da katin waya. Maigidana ya rasu, abokinsa ya rasu, Hajiya ma ta daɗe da komawa ga Mahaliccinta, kuma an ce har ta bar duniya ba ta kira sunan nan a gaban mutane ba. Na ɗauki bukukuwa da ba zan iya ƙirgawa ba, na sha wahalar neman haske da gyara tsayuwa, amma abu mafi kyau da kyamarata ta taɓa ɗauka ina can bakin rijiya ina alwala aka ɗauke shi. Ina kewar kwanakin nan sosai, har da nauyin kyamarar da kukan fankar. Na kuma daina saurin yanke wa mutum hukunci don na ga fuskarsa a ɗaure.

Jikokina sun gaji da wata ɗabi'a tawa. In an nuna min bidiyon biki a waya ya ƙare, sai su miƙo hannu su ce, "Kaka, ya ƙare fa." Ni kuma in riƙe wayar in ce su ɗan dakata tukuna.